Zan iya jingina ginina da katangar maƙwabcina? Amsa ga mai fuloti a Katsina

Tambaya: Wani bawan Allah ya sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100 a wata sabuwar unguwa ta wajen Kwado, a nan Katsina. Maƙwabcinsa na yamma ya riga shi gini, ya kuma ja katanga. Birkila ya ba shi shawara ya jingina ɗakunansa da wannan katanga don ya ci fili ya rage kuɗin bulo, ga shi kuma yana da niyyar ɗora bene nan gaba, da tagogi ta wannan ɓangaren. Maƙwabcin ya ji ƙishin-ƙishin, ya aiko cewa bai yarda ba. Yana tambaya: ƙafa nawa doka ta ce a bari, kuma maƙwabci yana da ikon hana mutum gini a filin da ya saya da kuɗinsa?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a filin, ya ba da ikon ginawa. Maƙwabcinka ba shi da hurumin hana ka gini a cikin filinka, ko da bene ne. Yana dai da hurumin hana ka taɓa katangarsa, da hana duk abin da zai fito daga gininka ya faɗa gidansa. A aikinmu na duba zanen gini da shiga tsakanin maƙwabta, abin da ya fi kai mutane gaban alƙali shi ne abin da ya tsallake bango: fandisho ta ƙarƙashin ƙasa, ruwan rufi ta sama, ido ta taga, ƙazantar sokawe ta cikin ƙasa. In ka tsare waɗannan, ƙafar da ya kamata ka bari za ta fito da kanta, kuma za ka tarar ba ta yi nisa da abin da hukuma ke nema ba.

Fara da sanin inda iyakar take. Kada ka ɗauka katangar da ka tarar ita ce iyaka don kawai ka iske ta tsaye. Mai yiwuwa ya ja ta daidai, mai yiwuwa ya shigo maka da ƙafa ɗaya, mai yiwuwa kuma ya ja baya da gangan ya bar wata tazara wadda har yanzu tasa ce. In filin yankan gwamnati ne, akwai bikon, ɗan dutsen simintin nan mai lamba, a kowace kusurwa, lambobin kuma suna cikin taswirar da ke tare da takardarka. Ka ɗauko safiyo mai rajista ya tono su ya tabbatar. In kuwa awon igiya ne, irin gonakin bayan gari da masu su da dillalai suka yayyanka, to shaidarka ita ce takardar ciniki, da wanda ya sayar maka, da mai unguwa, da maƙwabtan da ke kewaye da kai. Ka tara su rana ɗaya a ja tef a gaban kowa, a kafa turaku a zuba musu siminti, a rubuta a sa hannu. A awon igiya ƙafa 50 ta takarda ba kullum take cika 50 a ƙasa ba, kuma wanda ya zo gini daga ƙarshe shi ke tarar da giɓin layin duka ya taru a kansa. Ko da kana da yaƙinin an cuce ka, kada ka gusa bikon ko turke da hannunka. Laifi ne a dokar ƙasa. A addini kuwa hadisin Sayyidina Ali da ke cikin Sahihu Muslim ya zo da tsinuwa a kan wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa, ga kuma wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan mai cin ɗani ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai.

Ta wajen hukuma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne bisa sharuɗɗa, kuma cikin sharuɗɗan da aka saba rubutawa a takardar mallaka har da cewa ba za a yi gini ba sai da zanen da hukuma ta amince da shi. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini, sannan a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta yi da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Ke nan ƙa'idar da ta hau kanka ta jihar Katsina ce. Ofishin da za ka je shi ne Hukumar Tsara Birane ta jiha, wato URPB. Su ke sa hatimi a zane, su ne kuma masu zuwa da jan fenti. Maganar takardun fili tana wajen ma'aikatar filaye da KATGIS, hukumar jiha mai adana taswira da bayanan filaye.

Tazarar da aka fi sani a jihohin Najeriya ga gidan zama ita ce mita 6 ta gaba, wajen titi, mita 3 ta baya, mita 3 ta gefe. Wasu tsare-tsaren sukan sassauta gefe ɗaya zuwa mita 1.5 in gidan ƙasa ne a unguwa mai cunkoso. A awon magina, wajen ƙafa 20 ke nan, da 10, da 10 ko 5. Ta bene ƙaruwa take yi. Abin da zai ɗaure ka shi ne adadin da hukumar ta amince da shi a kan zanenka, don abin da ake nema a GRA daban yake da na unguwar da aka yanka 50 da 50. Yanzu mu buga lissafin filinka. Faɗin ƙafa 50 mita 15.24 ne. In ka bar 10 ta wani gefe da 5 ta ɗayan, saura 35. Tsawo kuma, 100 a cire 20 a cire 10, saura 70. Ƙafa 35 tana ɗaukar ɗakuna biyu masu ƙafa 12 da korido a tsakani, da kaurin bangaye, har a sami rara. Wanda ya ce maka 35 da 70 ba zai ishe ka ba, zanensa ne bai iya ba. Kuma wannan tazara kai za ka fi kowa cin moriyarta. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, ɗakin da ba shi da tagar da iska za ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani, in aka ɗauke wuta ba ya kwantuwa. Ran da gobara ta tashi kuma, Allah ya kiyaye, wannan ƙafa 5 ita ce ke tsakanin rufinka da nasa.

Na san abin da za ka ce: a cikin gari fa? A Yarinci da Gambarawa da Masanawa ai bango ɗaya ne ke raba gida da gida tun kaka da kakanni, ba wanda ya bar ƙafa 5. Gaskiya ne. Amma dubi yadda magina na da suke yi. Ɗaki yana kallon tsakar gida ne, daga nan yake shan iska da haske. Bangon da ya juya wa maƙwabci baya ba shi da taga, in ma akwai to 'yar ƙarama ce can sama kusa da azara. Indararo yana zuba a tsakar gidan mai shi ko a lungu. Soro kuma yana da rawani, wanda ya hau ba ya leƙen kowa. Tsari ne cikakke mai ƙa'idojinsa, ga sarkin magina da mai unguwa suna sa ido. Abin da ke haddasa fitina yanzu shi ne mun ɗauko rabi daga nan rabi daga can: muna son manna bango irin na cikin gari, muna kuma son manyan tagogin gilashi ta kowane gefe da rufin kwano mai zuba ta ko'ina irin na GRA. Biyun ba sa haɗuwa a fili ɗaya.

To mu shiga ƙarƙashin ƙasa, inda birkilanka bai kai ka ba. Bangon bulo mai inci 9 ba a kan inci 9 yake zaune ba. Kankaren fandishonsa yakan kai ninki uku na kaurin bangon, wajen inci 27, wato yana fita inci 9 ta kowane gefe. In ka ɗora fuskar bangonka daidai kan layin iyaka, ka zuba kankare inci 9 a cikin filin mutum ke nan, ko da ido bai gani ba. In kuma bene za ka yi, ramukan fila sun fi haka faɗi da zurfi nesa ba kusa ba. Ga wata ƙa'ida mai sauƙi da injiniyoyi ke aiki da ita: in raminka zai fi fandishon maƙwabci zurfi da ƙafa 3, to ka nisance shi da aƙalla ƙafa 3, haka nan gwargwadon bambancin zurfin. Nauyin bango yana bazuwa ne a karkace cikin ƙasa, in ka kwashe ƙasar da ke tallafe da shi sai ya fara tsagewa ko ya kwanta. Ƙasar mafi yawan unguwanninmu mai yashi ce, ba ta riƙe bakin rami, balle a cikin damina. Katangar gida kuwa galibi ba a yi mata zurfin kirki. In ta faɗi saboda haƙanka, kai za ka biya, a kotun boko da ta shari'a duka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi a garin nan, ta faɗa ƙarara cewa mutum ba zai yi haƙan da zai cutar da maƙwabcinsa ba ko da a cikin mulkinsa yake haƙan.

Ruwa kuma lissafinsa ba wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 30, irin na dare ɗaya a watan Agusta, zai zubar da lita 3,000, duro 15 ke nan. Bakin kwano yakan fito wajen ƙafa 2 daga bango. In bangonka yana kan iyaka, bakin rufinka yana cikin sararin gidansa, rabin duro 15 ɗin nan kuma a gindin katangarsa zai sauka. Ƙari a kan haka, hadarin garin nan daga gabas yake tasowa, shi kuma yana yamma da kai, iska za ta kwashi ruwanka ta watsa masa. Ko ka bar tazara, ka sa wa bakin rufin gata, wato kwararon tare ruwa, da bututu ya sauko cikin filinka, ka zuba siminti a lungun da gangara zuwa kwatar titi. Haka ruwan wanka da na wanke-wanke. Huda katangar mutum don ruwanka ya bi ta gidansa ba ya halatta sai da yardarsa, ko in tsohuwar hanyar ruwa ce da aka tarar tun kafin ku.

Maganar taga ita ce na fi son ka natsu a kanta, don ita ce ba ta gyaruwa da ban haƙuri. Tsakar gida a wurinmu ɗaki ce marar rufi: nan iyalin mutum ke girki da wanki da kitso ba lulluɓi, wani gidan ma banɗakin ba rufi. Ran da tagar benenka ta buɗe a kan wannan tsakar gida, ka mayar da matan gidan 'yan zaman ɗaki a cikin gidansu. Malaman mazhabar Malikiyya sun gina wannan babi a kan hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa. Risala ta ambaci buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci, da buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, cikin abubuwan da ake hanawa. Littattafan mazhabar sun kawo ma'aunin da aka jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango abin da ke cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya hangowa a bar ta. Amma ga wani abu da maƙwabcinka shi ma ya kamata ya sani. Mukhtasar na Khalil ya ce ba a hana mutum ɗaga gininsa don ya tare wa maƙwabci rana ko haske ko iska, sai fa in masussuka ce ya tare wa iska. Wato tsawon benenka ba abin ƙara ba ne a fiƙihu, leƙen ne abin ƙara. Hatimin hukuma a kan zanenka kuma bai wanke ka daga wannan ba. Suna iya amincewa da taga mai nisan mita 3 daga iyaka, ta kasance tana kallon madafar mutum tsaf.

Maganin yana wajen mai zane, tun ran gini tun ran zane. Ɗakunan sama su sha iska ta gaba da ta baya. Ɓangaren yamma a jera masa banɗakuna da sito da matakala, tagoginsu su fara daga sama da ƙafa 6 da rabi daga daɓen bene. Gilashi mai hazo shi kaɗai ba ya wadatarwa, don ana buɗe shi. In dole sai an yi taga a nan, a yi wadda ba ta buɗewa sai ta sama, ko a gina mata katangar kariya. Kada ka manta da baranda, da saman dakin, wato rufin kankare, da yara za su riƙa hawa, da tsanin tankin ruwa. Wanda zai hau gyaran tanki ko eriya ya yi sallama a sanar da gidan tukuna, kamar yadda masu hawa rufin soro suka saba yi.

Sokawe da shadda kada su matsi iyaka. Ni nakan ce a bar aƙalla ƙafa 5 daga kowace katanga, kuma a duba inda rijiyar maƙwabci take kafin a sa diga. Masana lafiya suna son wajen mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiyar sha, abin da fuloti irin naka ba zai iya bayarwa shi kaɗai ba, tunda tsawonsa duka mita 30 ne. Shi ya sa dabarar ita ce layi ya haɗa kai: sokawe duka ta wajen titi, rijiyoyi ta baya. Hakan ma ya fi wa motar kwasa sauƙi. Janareta kada a manna shi da bangon ɗakin kwanan mutum, bedi kuma, wato dogon yaro, kada a dasa shi a gindin katanga. Saiwarsa ba ta san bikon ba.

Yanzu ga ainihin shawarar birkila. Akwai hadisin Abu Huraira da ya ce kada mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, kuma za ka ji masu kafa hujja da shi. A Malikiyya wannan kyautatawa ce da ake so, alƙali ba ya tilasta ta. Haka Risala ta faɗa. Tunda ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Ko da ya yarda ma, ni ba zan ba ka shawarar karɓa ba. Katangar kewaye an gina ta ne ta ɗauki nauyin kanta kawai, sau da yawa da bulo inci 6, ba linta, ba fandishon kirki. Ka ɗora mata rufi, balle dakin, ka sayi tsagewa. Sannan bangon nasa ne. Ran da ya so rushewa ya ja shaguna, ko magadansa suka sayar wa wani, ɗakinka ya zama mai bango uku. A fiƙihu in aka yi jayayya a kan bango, ana ba wanda gininsa ke sarƙe da shi ne, wanda haƙoran bulonsa suka shiga ciki. In har kun daidaita a kan bango ɗaya na tarayya, a gina sabo mai inci 9 rabi a naka rabi a nasa, a raba kuɗi, a rubuta wa zai gyara da abin da aka yarda a ɗora masa, mai unguwa da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Yardarsa kuma ba ta maye gurbin izinin hukuma.

Abin da ya fi duka muni shi ne wanda mutane ke ɗauka sulhu ne: a bar ƙafa ɗaya tsakanin bango da bango. Mutum ba ya shiga, don haka bayan bangon ba zai taɓa ganin filasta ba. Leda da ganye su cika wurin, ruwa ya kwanta, danshi ya ci gindin bangayen biyu, ɓeraye da macizai su sami gida. Lungun da birkila ba zai iya tsayawa da tsani da kwanon siminti a cikinsa ba, bai cika lungu ba. Ƙasa da ƙafa 4 ɓarnar fili ce.

In abin ya kai ga jayayya, a bi ta mai unguwa, sai magaji, sai hakimi, ko cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin kotunan jiha, kafin a kai ga ƙara. Hukumar tsara birane tana iya tsayar da aiki, tana iya sa a rushe abin da ya saɓa wa zane. In rigimar ta mallakar fili ce mai takardar gwamna, Dokar 1978 ta ba Babbar Kotun jiha hurumin. Wanda ya yi gini a filin wani da gangan, a fiƙihu ana umartarsa ya cire, ko mai filin ya biya shi kuɗin baraguzai kawai ya riƙe ginin. Wanda aka cuta kuma kada ya yi shiru don kunya: a ƙa'idar hauzi, wato mallaka ta daɗewar riƙo, da kotunan shari'armu ke aiki da ita, wanda yana nan yana gani ya yi shiru shekara 10 ba uzuri, ƙararsa ba ta da ƙarfi a kan wanda ba danginsa ba. Wannan ya shafe ka kai ma, in awo ya nuna katangarsa ta shigo maka.

Da filin nawa ne, zan bar ƙafa 10 ta yamma, wajensa, tunda can ne bene zai fi damun mutane, in bar 5 ta gabas in hukuma ta amince. Zan sa injiniya ya yi fandishon bene tun yanzu ko da gidan ƙasa zan fara, don kada a dawo haƙa a gindin katangarsa bayan shekaru. Kafin a kai zanen ofis kuma zan ɗauke shi in je zaurensa bayan la'asar, tare da mai unguwa, in nuna masa inda kowace taga ta sama za ta kalla da inda ruwan rufi zai sauka. In yana da gyara ya faɗa tun yana kan takarda, a mayar wa mai zane ya gyara kafin a biya kuɗin hatimi.